Sana'ar Ɗaukar Waƙar Magabata

A zangon Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, da wuya a tashi biki ko suna ba a ji makaɗi ya taɓo waƙar wani wanda ya riga mu gidan gaskiya ba. Mai kalangu ya saki kiɗan Shata, dattawa su gyara zama, liƙi ya fara sauka. Mu a wajenmu al'ada ce. A wajen mawaƙan jaz kuwa reshe ne na sana'a mai zaman kansa: mutum ya keɓe faifai sukutum don girmama ubangidansa a kiɗa.

Aikin yana farawa daga kunne. Mawaƙiya za ta daɗe tana sauraron wadda take son karramawa, ta gane inda take jan numfashi, inda take jinkirta kalma har kiɗa ya kusa barinta, sannan ta kamo shi. Bayan nan sai zaɓe, don wadda ta bar ɗaruruwan waƙoƙi, goma sha kaɗan faifai zai ɗauka. Sai mai tsara kiɗa ya sake wa kowace waƙa zubi, ya daidaita ta da muryar mai rai. Dee Dee Bridgewater ta bi wannan hanya a Dear Ella, wanda ya fito a 1997, shekara guda bayan rasuwar Ella Fitzgerald, har ya ci kyautar Grammy. A 2010 ta sake yi wa Billie Holiday irinsa.

Wahalar tana wurin da kwaikwayo yake ƙarewa. Wanda ya iya muryar marigayi tsaf, abin da zai samu shi ne a ce "kamar shi", a koma a saka na asali. Ana sayen faifan karramawa ne don a ji yadda tsohuwar waƙa ta zauna a bakin wani, da abin da ya ƙara mata daga nasa.

A nan Gana an yi wannan aiki da kyau. A tsakiyar shekarun 2000, Nii Noi Nortey da Nii Otoo Annan, tare da Ba'amurke Steven Feld, suka fitar da Tribute to A Love Supreme da sunan ƙungiyar Accra Trane Station, don girmama John Coltrane, wanda ya ɗauki nasa faifan A Love Supreme a Disambar 1964 ya rasu a 1967. Nii Noi yana haɗa bakin saksofon da kayan busa na Afirka, Nii Otoo kuma yana kan ganguna da ƙararrawa na gida. Ba su bi Coltrane sawu da sawu ba. Sun ɗauki niyyarsa ta yabon Mahalicci suka faɗe ta da kayan ƙasarsu. A ganina wannan ya fi kowane kwaikwayo cika alkawari.

Hanyar ma ba ɗaya ba ce, ana kai ana kawowa. Kofi Ghanaba, da aka sani da Guy Warren, ya kai gangar Gana Shikago a shekarun 1950, ya yi Africa Speaks, America Answers. Yusef Lateef ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗan Arewa. Tony Allen na Legas ya yi wa Art Blakey faifan girmamawa a 2017.

Sai batun haƙƙi, wanda makaɗanmu suka fi sakaci da shi. A dokar haƙƙin mallaka ta Gana ta 2005, waƙa tana hannun mai ita tsawon rayuwarsa, sannan magada su riƙe shekara 70. Ƙungiyar GHAMRO ce ke karɓar kuɗin waƙoƙi ta raba, kiɗan gargajiya da ba a san mai shi ba kuma yana ƙarƙashin hukumar kula da al'adun baka ta ƙasa. Wanda zai ɗauki waƙar marigayi ya kai kasuwa, wajibi ne ya nemi izini, ya rubuta sunan mai ita, ya fitar wa iyalinsa rabonsu. Girmamawar da ba ta kai ga marayu ba, da saura.

Abin da ke damuna shi ne zango yana da duk kayan aikin nan, amma yawancinsa yana ƙarewa a filin biki. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma waɗannan sun bar faifai. Masu goge da kalangu na unguwanninmu, da tsofaffin zabiyoyi, da yawa abin da suka bari yana bakin yaransu ne kawai. Situdiyo ba ta yi wa Kumasi ƙaranci ba. Samarin da suka fito da kiɗan Asakaa a nan suka ɗauki nasu har duniya ta ji. Abin da ake bukata shi ne mawaƙi guda ya zauna da 'yan amshin ubangidansa tun suna da rai, su tuna masa baitocin, ya nemi yardar iyali, ya sa sunan marigayin a gaban faifan.