Kaboyi Mai Tafiyar Hawainiya: Riba da Asarar Fim ɗin Kisan Jesse James

Ba kasafai fim ke gaya maka ƙarshensa tun daga jikin fosta ba. Wanda darakta Andrew Dominik ya fitar a shekarar 2007 kuwa, sunansa kaɗai ya gama ba da labari: The Assassination of Jesse James by the Coward Robert Ford, wato kisan gillar da matsoraci Robert Ford ya yi wa Jesse James. Ka san wanda zai mutu, ka san wanda zai kashe shi, har an riga an yanke wa makashin hukunci. Duk da haka darakta ya ce ka gyara zama na minti 160. Jama'a ba su amsa kiran ba. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 30, abin da ya dawo daga gidajen sinima a duk duniya kusan rabin haka ne kawai. A cikin watan Satumbar da aka fitar da shi, wani fim ɗin kaboyi, 3:10 to Yuma, mai sukuwa da ruwan harsasai, ya fito ya tara kusan dala miliyan 70.

Dattawan da suka yi zamanin sinimar Rex da Palace a Kano sun san abin da ake nufi in an ce yau kaboyi za a nuna: malafa, doki, libarba a ƙugu, akta da bos su tsaya a tsakiyar titi a ga wa zai riga wani zarewa. Abin ya shiga jinin samarin wancan lokaci har a Nijar, inda Moustapha Alassane ya yi fim a 1966 a kan 'yan ƙauyen da suka sami kayan kaboyi suka hana gari sakat. Duk wanda ya je wa fim ɗin Dominik da wannan tsammani zai tashi da haushi. Fashin jirgin ƙasa guda ɗaya ne tak a cikinsa, shi ma a farko-farko. Babu tsayuwar gaba da gaba a titi. Kusan duk wanda ya mutu a ciki, ko dai ta baya aka harbe shi ko a cikin rikicin da babu ko ɗigon jarumta.

Labarin ya faru da gaske. Jesse James ɗan jihar Misuri ne a Amurka, ya koyi kisa yana matashi a cikin 'yan sari-ka-noƙe na ɓangaren Kudu lokacin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, bayan yaƙi shi da wansa Frank suka koma fashin bankuna da jiragen ƙasa. Wani editan jarida, John Newman Edwards, da marubuta ƙananan littattafan kwabo suka mai da shi gwarzo mai ƙwace wa mai kuɗi ya bai wa talaka, alhali babu wata shaida da ta nuna ya taɓa raba ganima da wani in ba yaransa ba. Fim ɗin, wanda aka ɗauko daga littafin Ron Hansen na 1983, ya fara ne a ƙarshen tafiya: fashin Blue Cut na Satumbar 1881, lokacin da tsofaffin abokan sana'a suka mutu ko suna kurkuku, sai tarkacen 'yan ƙauye aka tattaro. Wata bakwai bayan nan, ranar 3 ga Afrilun 1882, Robert Ford ya harbe shi a gidansa a garin St. Joseph, inda yake ɓoye da sunan Thomas Howard. Shekarun Jesse 34, na Ford 20.

Wannan fashin jirgin shi ne wurin da ko masu zagin fim ɗin ke sauke murya. Dare ne, duhu na gaske, ba irin shuɗin daren fim da ake ganin komai ba. Jesse ya kanga kunne a ƙarfen dogo, ya miƙe ya tsaya riƙe da fitila. Yaransa na cikin itatuwa da fararen buhuna a ka, an huda wurin idanu. Sai ka ji ƙasa ta fara rawa, tsakuwa na motsi, sannan hasken fitilar kan jirgi ya keto daji yana lasar fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, har jirgin ya zo ya tsaya cikin tururi, mutum ɗaya baƙi ƙirin a gabansa. Aikin mai ɗaukar hoto Roger Deakins ne, wanda ya ƙi ƙara wutar da ta wuce abin da fitilun wurin za su iya bayarwa a ido. Shi ne kuma ya haɗa wasu gilasan kyamara na musamman da ke dusashe gefen hoto su bar tsakiya a fili, kamar tsohon hoton ƙarni na 19. Da an gaggauta wannan fitowa, da ta zama fashi kamar kowane fashi. Jiran ne ya ba ta nauyi.

Nan ne ƙarfin fim ɗin yake, kuma nan ne sanin ƙarshe ya zama riba. Tun da ba ka tambayar wa zai mutu, hankalinka ya koma kan yaushe, da kuma yaya. Jesse na Brad Pitt mutum ne da zargi ya cinye. Yakan dira gidan ɗaya daga cikin yaransa ba sanarwa, ya zauna a teburin cin abinci, ya yi wata tambaya marar kan gado, sannan ya yi shiru yana kallon mutum. Kyamara ba ta kau da kai. Kana ganin mai gida yana dariyar dole, yana neman amsar da ba za ta kai shi kabari ba, cokali ya tsaya a hannu. Ed Miller, wani talaka mai raunin zuciya da Garret Dillahunt ya fito a matsayinsa, ya yi ta kame-kame a irin wannan zama har ya tona wa kansa asiri ba tare da an matsa masa ba. Jesse ya ce masa su hau doki su shiga gari, kai da kake kallo ka san ba zai dawo ba. Fim mai sauri ba zai iya sa maka irin wannan tsoro ba, domin tsoron a cikin daƙiƙun da babu mai magana yake.

Amma wanda ya ɗauki fim ɗin a kansa Casey Affleck ne. Robert Ford ɗinsa, wato Bob, yaro ne da ya tashi da littattafan kwabon nan, yana da akwatin takalmi a ƙarƙashin gado cike da tarkacen da suka shafi gwaninsa. Murya siririya mai karyewa, murmushin da ke zuwa inda bai kamata ba, idanun da ba su iya tsayawa a fuskar mutum. A wata fitowa ana cin abinci, wansa Charley ya tunzura shi ya lissafa wa Jesse abubuwan da suka yi kama da juna, daga tsayi zuwa launin ido, ana yi masa dariya. Kana kallon yadda ƙauna ke juyewa a hankali ta koma ƙiyayya, ba a fitowa ɗaya ba, ba da kalma ɗaya ba. Wulaƙanci ne ake ɗiga masa kaɗan-kaɗan har ya cika. In ka yanke rabin waɗannan wurare don a yi sauri, abin da zai rage shi ne maci amana na yau da kullum da ya sayar da ubangidansa don kuɗin tukuicin gwamna, wanda ba shi ne labarin ba. An sa sunan Affleck a takarar Oscar, shi da Deakins. Pitt kuma ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Venis a Italiya.

Kisan kansa, da ya zo bayan an haura sa'a biyu, shi ne sakamakon haƙurin mai kallo. Jesse ya gani a jarida cewa yaronsa Dick Liddil ya shiga hannun hukuma, ya gane 'yan'uwan nan biyu sun sani sun ɓoye masa. Maimakon ya zare bindiga, sai ya kwance ɗamararsa ya ajiye, abin da ba ya yi, ya ce hoton da ke bango ya yi ƙura, ya taka kujera ya juya musu baya. A gilashin hoton yana hango Bob na ɗaga libarbar da shi da kansa ya ba shi kyauta. Bai juyo ba. Tarihi ya tabbatar da kujerar da hoton da harbin ƙeya. Cewa Jesse ya miƙa wuya ne da gangan, wannan karatun Dominik ne, kuma ya shimfiɗa masa hanya tun daga wurin da Jesse ke tsaye a kan ruwan da ya daskare yana harbin ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

To ina matsalar? Masu cewa fim ɗin ya yi tsawo sun ga alamar ciwo, amma ba su taɓa inda yake ba. Jinkiri ba sabon abu ba ne a kaboyi: Sergio Leone ya buɗe Once Upon a Time in the West na 1968 da mutum uku suna jiran jirgi fiye da minti goma, ƙuda na damun ɗayansu, kuma babu mai ƙorafi. Laifin Dominik shi ne rabon lokaci. A tsakiyar fim ya saki Jesse da Bob ya bi Dick Liddil da Wood Hite, ɗan'uwan Jesse, zuwa wani gida a Kentaki, inda Dick ya yi lalata da amaryar mahaifin Wood. Gaskiya ne wannan rigima ce ta kai ga Bob ya harbe Wood, abin da ya sa dole ya ji tsoron Jesse. Sai dai abin da minti biyar zai isar an ja shi har mai kallo ya fara mantawa da wanda ya zo gani. A nan ne mutane ke duba waya, kuma ban ga laifinsu ba.

Sai muryar mai ba da labari. Hugh Ross ya karanta ta da daɗi, kiɗan Nick Cave da Warren Ellis na bin ta a hankali, amma sau da yawa tana faɗin abin da fuskar Affleck ta riga ta nuna. Daraktan da ya amince wa mai kallo ya zauna cikin shiru na minti biyu, shi ne kuma ya ƙi amince masa ya fahimci abin da shirun ke nufi. Haka nan gizagizai masu gudu da gonakin alkama da iska ke kaɗawa, waɗanda aka ɗauka a Kanada: na farko ya burge, na biyu ya burge, daga nan ya koma ado.

Akwai kuma abin da minti 160 suka kasa samar wa wuri. Mary-Louise Parker, 'yar wasa mai nauyi, ta fito a matar Jesse, amma kalmominta a duk fim ɗin ba su taka kara sun karya ba. Tana girki, tana wucewa ta bayan maza, sai ranar kisa ta yi kururuwa. Mafi girma daga wannan, gidan su Jesse gidan masu bayi ne, kuma yana cikin rundunar Bloody Bill Anderson da ta karkashe sojojin da ba su da makami a Centralia a 1864. Fim ɗin ya taɓa batun yaƙin sama-sama ya wuce. Ya nuna muguntar Jesse, har da dukan da ya yi wa wani yaro a cikin barga sannan ya kifa kai a jikin doki yana kuka, amma ya mai da ita ciwon rai na mutum ɗaya, ya raba ta da siyasar da ta haife ta. Fim ɗin da ya zo rushe tatsuniyar gwarzo sai ga shi yana ɗaukar gwarzon cikin hasken da ya fi na kowane littafin kwabo kyau.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da ya biyo bayan harbin. An gurfanar da 'yan'uwan biyu, aka yanke musu hukuncin rataya, Gwamna Thomas Crittenden ya yi musu afuwa a ranar, kuma ɗan kaɗan suka samu daga tukuicin da aka yi alkawari. Aka ɗauki hoton gawar Jesse ana sayarwa. Bob da Charley suka hau dandamalin wasan kwaikwayo suna maimaita kisan dare bayan dare don a biya su, Charley na fitowa a matsayin Jesse, ƙaninsa na harbinsa a ƙeya. Sam Rockwell ya nuna yadda Charley ya fara da kwaikwayon ban dariya, sannu a hankali murya da tafiyar mamacin suka shige shi, har ya fara kallon ƙaninsa da idon Jesse. 'Yan kallo da suka zo tafi suka koma ihun matsoraci. Charley, ga tarin fuka ga nadama, ya kashe kansa a 1884. Bob ya yi ta gararamba har ya buɗe mashaya a garin haƙar azurfa na Creede a jihar Kolorado, inda Edward O'Kelley ya shigo ranar 8 ga Yunin 1892 ya harbe shi da bindiga mai baki biyu.

Shekara goma ke nan, kuma a cikinsu ne ainihin sabon abin da fim ɗin ke da shi yake: yaron da ya nemi suna ya same shi, sunan ya zame masa sarƙa. Dominik ya tattare su cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, mafi yawa ta bakin mai ba da labari. Zooey Deschanel, da ta fito a matar da Bob ya buɗe wa cikinsa a ƙarshen rayuwarsa, ba ta fi 'yan mintuna ba. An ɗauki fim ɗin tun 2005, ya daɗe a ɗakin tacewa ana ja-in-ja da kamfanin Warner Bros a kan tsawonsa, kuma alamar almakashi a wannan ɓangare ta fi fitowa. Shi kansa O'Kelley, da jama'a suka yi ta sa hannu a takardar neman a sake shi har ya fita kurkuku a 1902, a jimla biyu ko uku aka sallame shi, alhali an bai wa kwartancin Dick Liddil a Kentaki duk lokacin da ya nema.