Gasar Kafofin Haɗa Talabijin: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani Kafin Sayen Kaya

Mai sayen akwatin talabijin yakan fara tambayar girman fuska da sunan kamfani. Amma tarihin wannan kasuwa ya nuna cewa ƙananan kafofin da ke bayan akwatin, inda ake soka waya, su ne ke nuna ko kaya zai daɗe yana amfani ko kuwa zai tsufa tun yana cikin kwali.

Matsalar ta samo asali ne daga Amurka, inda aka fara sayar da talabijin mai tsantsar hoto a 1998. Akwatunan farko suna karɓar hoto ne ta wayoyi uku, ja da kore da shuɗi, a kan tsohon tsarin analog. Kamfanonin fina-finai na Hollywood ba su gamsu da wannan hanya ba, domin ba ta da makullin da zai hana a kwafi fim. Saboda haka suka matsa a koma hanyar dijital.

Nan ne aka ja daga tsakanin tsare-tsare biyu. Na farko shi ne IEEE 1394, wanda kamfanin Apple ke kira FireWire, kuma Mitsubishi ya rungume shi a akwatunansa. Yana ɗaukar hoto a matse, don haka ana iya naɗar shiri da shi. Na biyu shi ne DVI, wanda ya fito a 1999 bisa jagorancin Intel da wasu kamfanonin kwamfuta. Shi yana aika hoto ne ba tare da matsewa ba, abin da ke sa naɗarsa ta yi wuya, ga kuma makullin HDCP da ake iya ɗora masa. Wannan ya sa masu fina-finai suka karkata gare shi, ko da yake ba a tsara shi don ɗaukar sauti ba.

A watan Disamba na 2002 kamfanoni bakwai, wato Hitachi da Matsushita da Philips da Silicon Image da Sony da Thomson da Toshiba, suka fitar da HDMI, wanda ya haɗa hoto da sauti a waya ɗaya. Da yake sigar hotonsa iri ɗaya ce da ta DVI, ƙaramin mahaɗi ya isa a jona su. Cikin 'yan shekaru ya mamaye kasuwar talabijin. Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne masu akwatunan farko: dokokin faifan Blu-ray sun rage ingancin hoton analog a sababbin na'urori bayan 2010, sannan suka hana kafar gaba ɗaya bayan 2013.

Ta fuskar tattalin arziki, gasar ba ta rasa nasaba da kuɗin lasisi. A shekarun baya babban kamfani mai ƙera kaya da HDMI ya kasance yana biyan dala 10,000 a shekara, da kuma santi 4 zuwa 15 a kan kowace na'ura. Wannan na cikin dalilan da suka sa masana'antun kwamfuta suka goyi bayan DisplayPort, wanda ƙungiyar VESA ta fitar a 2006. A yau DisplayPort na da ƙarfi a allunan kwamfuta, HDMI kuwa na riƙe da falo. A 2025 wasu kamfanonin ƙasar Sin sun sanar da nasu tsarin mai suna GPMI, wanda ke ɗaukar hoto da wutar lantarki a waya guda.

Nasarar HDMI ba ta kawo ƙarshen fargabar masu saye ba, domin kafar ba ta canza kama amma ƙarfinta na canzawa. Zubin 1.3 na 2006 yana ɗaukar gigabit 10.2 a daƙiƙa, zubin 2.0 na 2013 ya kai 18, zubin 2.1 na 2017 ya kai 48, shi kuwa 2.2 na 2025 ya kai 96. Har ila yau makullin ma yana sauyawa. Wasu akwatunan 4K na farko ba su da HDCP 2.2, saboda haka da faifan 4K ya fito a 2016 suka kasa nuna shi da cikakken ingancinsa.

Bugu da ƙari, lambar da ke jikin kwali ba ta wadatar ba. Hukumar da ke ba da lasisin HDMI ta yarda a rubuta 2.1 a kan na'ura ko da ba ta da dukkan sababbin abubuwan zubin. Wajibi ne ɗan kasuwa ya nemi takardar bayanin kaya, ya ga kafa nawa ce ke ɗaukar 4K, kuma da wane sauri.

Ga Nijeriya, wadda ta ƙaddamar da komawa watsa shirye-shirye ta dijital a Jos a 2016, akwai bambancin da ya kamata a fahimta. HDMI hanyar haɗa na'ura da na'ura ce kawai. Kamo tasha daga iska aikin na'urar DVB-T2 ne, kuma akwatin da aka ƙera don kasuwar Amurka ba ya ɗauke da ita. Wanda ya sayi irinsa a kasuwar Alaba ta Legas sai ya haɗa da dikoda.

Mai akwatin da ke aiki da dikoda ta yau da kullum ba shi da dalilin gaggawar sauya shi, domin sababbin na'urorin HDMI suna aiki da tsofaffi, sai dai a kan ƙarfin wanda ya fi rauni. Waya mai tsada ma ba ta ƙara kyan hoto muddin mai araha ta cika ma'aunin da ake bukata. Haɗarin yana kan mai tara haja ne: akwatin da kafarsa ta kasa ɗaukar na'urorin da ke shigowa, farashinsa zai faɗi tun kafin a kwashe shi daga sito.