Bututun Ƙarfen Lagireto: Kada a Bari Bakanike Ya Jefar Da Shi

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya buɗe bonet ɗin tsohuwar kat-kat, irin Land Cruiser da Toyota ta ƙera daga 1960 zuwa 1984, zai ga guntun bututun ƙarfe tsakanin inji da gindin lagireto, da gajeren tiyo na roba a kowane baki. Manyan motocin da ke ɗauko mana shanu daga Cinkassé su ma suna da irinsa, har ya fi tsawo. Idan ya ci tsatsa, wasu kanikawa a nan Zongo sukan ce: "Alhaji, a cire kawai a sa dogon tiyo ɗaya." Kada ka yarda.

Ga dalili. Ruwan da ya huce a lagireto, famfon inji ne ke zuƙo shi ta ƙasa. Idan roba ce zalla mai tsawo, kuma ta yi laushi da zafi, da direba ya taka mota sai ta lotse, kamar ka zuƙi tsinken shan lemo da ƙarfi. Ruwa ya daina wucewa, allura ta tashi. Abin haushin, da an tsaya sai robar ta koma daidai, a duba a ce ba a ga komai ba. Ƙarfe kuwa ba ya lotsewa, ba ya kumbura, ba ya saki ya goga fanka ko fambel. Wani ma a jikinsa ne ƙaramin tiyon hita ke reshe.

To me ya hana a yi shi da ƙarfe gaba ɗaya? Inji yana rawa a kan robobinsa, lagireto kuwa a ɗaure yake. In aka haɗe su da walda, hanyar daji za ta tsage wuyan lagireton. Guntayen tiyon nan su ke shanye girgiza. Masu cewa bututun don sanyaya ruwa aka sa shi, sun faɗi kaɗan ne daga ciki. Zafin da yake fitarwa bai taka kara ya karya ba.

Murfin lagireto yana matse ruwa har ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba, maimakon 100. Huda kamar ta allura a bututun ta isa ta zubar da wannan matsi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka lura ba, sai an kama hawa da lodi wajen Alédjo ko Défalé. Nan gasket zai ƙone, shanu su wuni a tsaye cikin rana, su iso karar Adétikopé a rame, in ma wani bai kwanta an taka shi ba.

Tsatsa daga ciki take farawa, saboda ruwan rijiya da ake ɗurawa ba magani, iskar tekun Lomé kuma ta ci ta waje. Kafin tafiya, inji na sanyi, a sassauta kilif a zame tiyon, a duba bakin bututun, don nan ne yake ruɓewa a ɓoye. In za a ƙera sabo, faɗinsa ya zama daidai da tsohon, kuma mai walda ya yi masa leɓe a baki, in ba haka ba tiyon zai suɓuce da ruwa ya yi zafi.