Gayya a Cikin Kwamfuta: Yadda Ɗalibi Zai Fara Sa Hannu a Buɗaɗɗiyar Manhaja

Duk wanda ya bar Kumbotso da rani ya bi hanyar Zariya zuwa Kura, zai ga ko'ina ya bushe amma gonakin alkama da tumatir da albasa kore shar. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina a farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako. Yana biyo babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya isa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Manoman wurin kuwa sun san cewa in ba a taru an yashe laka an cire ciyawa ba, mai gona a ƙarshen layi ba zai ga ruwa ba. Magudana ta kowa ce, gyaranta ma na kowa ne.

Akwai irin wannan gayya a duniyar kwamfuta, kuma ɗalibin sakandare yana iya shiga.

Mece ce manhajar tsara shafi?

A da, mai son buɗe shafi a intanet sai ya iya rubutun da kwamfuta ke ganewa. Yanzu akwai manhajojin da ke ɗauke wannan nauyi. Mutum zai rubuta labari, ya sa hoto, ya danna, shi ke nan ya hau. Makarantu da jaridu da asibitoci da 'yan kasuwa duk suna amfani da su.

Uku ne suka fi suna. Drupal, wadda Dries Buytaert ɗan ƙasar Beljiyam ya saki a 2001 yana ɗalibin jami'a, sunanta daga kalmar Holanci yake mai ma'anar ɗigon ruwa. WordPress, Matt Mullenweg na Amurka da Mike Little na Ingila suka fara ta a 2003, kuma tun 2021 ƙididdiga ta nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet a kanta aka gina su. Joomla kuma ta fito a 2005, sunanta daga kalmar Suwahili ne, 'yar'uwar kalmarmu "jimla", wato gaba ɗaya.

Me ya sa ake ce musu buɗaɗɗu?

Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato jerin umarnin da masu haɗa ta suka rubuta. Kamfanoni da yawa sukan ɓoye nasu. Waɗannan ukun kuwa an sake su ne ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989. Lasisin ya ba kowa damar yin amfani da manhajar, ya karanta asalinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Sharaɗin shi ne, in ka gyara ka raba, dole wanda ya karɓa ya sami irin 'yancin da ka samu. Ba a yarda wani ya sha ruwa ya toshe wa na ƙasa da shi ba.

Saboda haka dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban ke kula da su, wasu kamfanoninsu na biyan su, wasu kuma sa kai suke yi.

Ta ina za a fara?

Da yawa suna tsammanin sai gwanin rubuta manhaja ne ke da abin bayarwa. Ba haka ba ne. A wurin gayya akwai mai garma, akwai mai kwasar ciyawa, akwai mai kawo ruwan sha. Ga matakan da suka fi dacewa da sabon shiga:

1. Ka fara amfani da ita. Zaɓi guda ɗaya, ka sa ta a kwamfutar makaranta da izinin malami, ka gina ƙaramin shafi na ajinku ko ƙungiyar wasan kwaikwayo. Wanda bai san rijiya ba, ba zai san inda ta zube ba.

2. Ka karanta ƙa'idojin aikin. Kowace manhaja tana da jagora ga sababbin masu taimakawa, da ladubban magana da juna. Karanta su kafin ka ce uffan.

3. Ka ba da rahoton matsala. In ka ga wani abu ba ya aiki, duba tukuna ko wani ya riga ya faɗa. In ba a faɗa ba, rubuta abin da ka danna ɗaya bayan ɗaya, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. Cewa "ba ta aiki" kawai ba ya taimakon kowa.

4. Ka gwada gyaran wasu. Kafin a saki sabon fitowa akan nemi masu gwaji. Mai ƙaramar waya da intanet mai rauni yakan gano abin da mai babbar kwamfuta a Turai ba zai taɓa gani ba.

5. In ka koyi rubutun manhaja, ka nemi ƙananan ayyuka. WordPress da Drupal da harshen PHP aka rubuta mafi yawansu, kuma dukansu suna sa alama a kan gyare-gyaren da suka dace da ɗan koyo. Yana da kyau ka koyi Git, abin da ke adana tarihin kowane canji, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005.

Ƙofar da ta fi kusa da mu

Fassara ita ce aikin da mu muka fi kowa cancanta da shi. WordPress tana da sashen masu fassara, kuma Hausa tana cikin jerin harsunansa. Mutum zai yi rajista kyauta, ya zaɓi Hausa, a nuna masa jimlolin Turanci ɗaya-ɗaya, ya rubuta fassararsa. Fassarar za ta tsaya tana jira har edita ya duba ya amince.

Sai dai a kula da abu uku. Na farko, a wasu jimlolin za ka ga alama kamar %s. Gurbi ne da manhajar za ta cike da suna ko wata kalma, saboda haka kada a goge ta. Na biyu, a tsaya kan kalma ɗaya. In an ce "adana" a wannan shafi, kada a ce "ajiye" a na gaba ga abu guda, don kada mai amfani ya rikice. Na uku, a yi amfani da haruffanmu masu ƙugiya. Bambancin "kasa" da "ƙasa", ko "fada" da "faɗa", ba ƙarami ba ne.

Ka tuna da shugaban ƙungiyar manoman Kura da ke son sa farashin tumatir a intanet, ko sakataren da ke son sanar da ranar taro, alhali Turancinsu bai yi ƙarfi ba. Su ne masu gona a ƙarshen layi. In mu da muka iya harsunan biyu ba mu yashe magudanar ba, wa zai yi?

Sai da haƙuri

Kada ranka ya ɓaci in an dawo maka da aikinka na farko an ce ka gyara. Haka ake yi wa kowa, har manyan gwanaye. Wani lokaci sai a yi makonni ba a amsa ba, domin mai dubawar ma yana da nasa aikin. Ka gyara, ka yi godiya, ka sake aikawa.

Ribar kuwa tana da yawa. Turancinka zai ƙaru, Hausarka za ta goge, za ka koyi karɓar gyara, kuma aikinka zai zauna da sunanka inda mai ɗaukar ma'aikata zai iya gani.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu fita bana, ba sai kun jira shiga jami'a ba. Mutum biyar, kowa ya fassara jimla goma a mako, a shekara an haura dubu biyu da ɗari biyar. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon sa namu hannun.