Kuɗin "kariya" da ba ka nema ba: yadda ake ƙwato shi daga bankin katin bashi

Ɗan kasuwar da zai tsaya minti ashirin yana ciniki a kan sefa ɗari biyu a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, shi ne kuma zai karɓi takardar bayanin asusunsa daga banki ya dubi jimilla kawai ya ninke. Yaranmu da ƙannenmu da ke Bronx, Landan ko Birmingham su ma haka suke yi da katin bashi. Alhali da yawa a cikinsu da katin nan suke saya mana kaya, su biya kuɗin jirgi, su biya kuɗin makaranta. A cikin layukan da ba a karantawa akwai wani ƙarami da ke dawowa kowane wata, da suna mai daɗin ji: payment protection, credit protection ko card protection. Ma'anarsa dai kariya. Abin tambaya shi ne, wa ya ce a sa?

Abin da ake sayarwa da wannan suna alkawari ne. Wai idan ka rasa aiki, ko ka kwanta ciwo, ko Allah ya yi maka rasuwa, banki zai ɗage maka biyan wata-wata na ɗan lokaci ko ya yafe wani abu daga bashin. A Amurka ana lissafa kuɗinsa ne a kan bashin da ke kan katin. Ofishin bincike na majalisar dokokin ƙasar, GAO, ya bayyana a rahotonsa na 2011 cewa ana cajin tsakanin senti 85 zuwa dala 1.35 a kan kowace dala 100 duk wata. Mu ɗauka dala ɗaya ce. Wanda ke da bashin dala 3,000 zai riƙa biyan dala 30 a wata, 360 a shekara, a shekara uku ya haura dala dubu. Kuma kuɗin kan bashin ake ɗora shi, idan ba a biya duka ba shi ma sai ya haifi kuɗin ruwa.

Ruwa ba ya tsami banza. Rahoton ya nuna cewa a 2009 masu katunan manyan kamfanoni tara sun biya kusan dala biliyan 2.4 na wannan kariya, abin da ya dawo musu kuwa dala miliyan 518 ne. Senti 21 ke nan a kowace dala. Duk ɗan kasuwa ya san sunan irin wannan riba.

Ga inda abin ya fi shafarmu. Ɓangaren rashin aiki na irin waɗannan tsare-tsare galibi an gina shi ne don mai albashi, wanda zai iya kawo takardar sallama daga wurin aiki. Mai sana'ar kansa, mai shago, direban tasi, mai kitso a gida, sau da yawa sharuɗɗan sun fitar da shi tun farko. Zai biya shekara da shekaru, ranar da kasuwa ta karye ya je nema a ce masa ai ba ya ciki.

To ta yaya mutum ke shiga ba da saninsa ba? Ba sai mun yi hasashe ba, hukumomi sun riga sun tona. A watan Yulin 2012 hukumar kare masu hulɗa da bankuna ta Amurka, CFPB, ta umarci Capital One ya mayar da kusan dala miliyan 140 ga mutum miliyan biyu. Abin da aka gano shi ne, idan mai ƙaramin matsayi a ma'aunin bashi ya buga waya don a buɗe masa sabon kati, sai a tura shi wurin masu talla. Wasu a nuna musu kamar dole ne, wasu su ɗauka kyauta ne, wasu ma a sa su ba tare da sun yarda ba. Bayan wata biyu aka sa Discover ya mayar da dala miliyan 200 ga mutum sama da miliyan uku da rabi. A can har da masu tallan da ke sauri-sauri da baki idan sun zo wajen faɗin farashi. A 2014 Bank of America ya biya kusan miliyan 727, Citibank kuma miliyan 700 a 2015.

Ka yi tunanin wanda bai daɗe da sauka ba, Turancinsa na makaranta ne ko ma Faransanci ya iya, ana yi masa ruwan magana a waya. Mu kuma an tarbiyyantar da mu da cewa "to, to" idan babba ko ma'aikaci na magana. Wannan "to" ɗin ake naɗa a ce amincewa ce.

A Birtaniya dabarar ta fi wannan ban mamaki. A da, sabon kati kan zo da ɗan liƙi mai lambar waya, wai ka kira a buɗe maka shi. Kana kira sai ka faɗa hannun masu tallan wani kamfani mai suna CPP, su sayar maka da kariyar kati ta kusan fam 30 a shekara, wadda babban abin da take alkawari, wato biyan ka idan ɓarayi sun yi amfani da katin, banki ya riga ya ɗauki nauyinsa. An ci kamfanin tarar fam miliyan 10.5 a 2012, daga baya aka kafa tsarin biyan diyya da ya shafi mutum kusan miliyan bakwai. Babbar yayar wannan badaƙala, inshorar biyan bashi da ake kira PPI, ta ci wa bankunan ƙasar sama da fam biliyan 38, an kuma rufe karɓar ƙorafi ranar 29 ga Agusta, 2019.

Bayan waɗannan hukunce-hukunce manyan bankuna da dama sun daina sayar da tsarin ga sababbin masu kati. Amma bai mutu ba, musamman a katunan manyan kantuna da tsofaffin asusu.

Yanzu, an ga layin a takarda. Me za a yi?

Kiran waya yana da amfani, amma a san iyakarsa. Ma'aikacin zai ce maka ya soke, ka yi godiya ka ajiye waya. Sokewa daban, mayar da kuɗi daban. Ya tsayar da na gaba ne kawai, na baya yana nan a aljihunsu. Don haka a wayar ka nemi abu uku: a soke yau, a gaya maka ranar da aka fara cira, sannan a ba ka shaidar cewa ka amince, ko muryarka da aka naɗa ko takardar da ka sa wa hannu. Rubuta sunan wanda ka yi magana da shi, da rana, da lambar ƙorafi. Idan ya ce zai mayar maka da na wata biyu ko uku "don kyautatawa", kada ka ce ka yafe sauran. Ka ce ba ka taɓa neman tsarin ba, kuma duka kake so, har da ruwan da ya hau kai.

Ƙarfin doka kuwa a rubutu yake. A Amurka akwai dokar 1974 da ta tsara yadda ake gyara kuskure a takardar katin bashi. Ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar da cajin ya fito a ciki, ka aika da wasiƙa. Kuma ba adireshin da ake tura biya ba, akwai wani daban da aka ware don ƙorafin lissafi, yana nan rubuce a jikin takardar. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Wasiƙar ba ta buƙatar lauya: sunanka, lambar asusu, adadin kuɗin, ranakun, da jimla ɗaya mai cewa ban nemi wannan ba, ban amince da shi ba. A tura ta gidan waya da rajista, a ajiye rasit da kwafi. Dole banki ya amsa cewa ya karɓa cikin kwana 30, ya kuma warware cikin zagayen lissafi biyu, kada ya wuce kwana 90. Kafin nan kana iya riƙe kuɗin da ake jayayya a kai, ba kuma za a rubuta ka a matsayin wanda ya ƙi biya saboda shi ba. Sauran bashin fa a ci gaba da biya. Wasu don fushi suke daina biyan komai, sai su ɓata sunansu a wurin masu ba da bashi a kan dala talatin.

Kwana 60 ɗin nan shi ya sa jinkiri ke da tsada. Wanda ya gano bayan shekara biyu, cajin watannin ƙarshe ne kawai ke cikin wa'adin. Hakan bai hana shi neman na baya ba, domin idan banki ya kasa kawo shaidar amincewa, hujjarsa ta yi rauni. Idan suka toshe kunne, CFPB na karɓar ƙorafi ta intanet kyauta, kamfanoni kuma kan amsa cikin kwana 15. Ofishin babban lauyan jihar da mutum yake shi ma ƙofa ce. A Birtaniya kuwa ana ba banki har mako takwas ya ba da amsar ƙarshe, daga nan kana da wata shida ka kai maganar ofishin Financial Ombudsman, shi ma ba a biyan ko kwabo. Masu kiran waya suna cewa za su ƙwato maka a ba su kashi, aikin da za su yi wasiƙar nan ce da kai ma za ka iya rubutawa.

Mu da ke Yamai, Abijan ko Duwala, katin bashi irin na Amurka bai yawaita a hannunmu ba, na cirar kuɗi muka fi riƙewa. Amma bankunan da ke bin tsarin Faransa kan haɗa kati da wasu hidimomi a ƙunshi ɗaya, a ciki har da inshorar da suke kira assurance moyens de paiement. Wani ya sa hannu ranar buɗe asusu a takardu shida bai san da ita ba. Wa'adin kwana 60 na Amurka ba ya aiki a nan, amma tambayar ɗaya ce: ku nuna min inda na yarda. A rubuta, a kai reshe, a sa su buga hatimi a kwafin da za ka riƙe. A Najeriya da Gana, idan banki bai warware ba, babban bankin ƙasa na da sashen da ke karɓar ƙorafin masu asusu, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa ka fara kai wa bankinka.

Hajiya, idan yaronki ya kira a ƙarshen mako, bayan gaisuwa ki ce ya buɗe takardar katinsa ta watan jiya ya karanta miki ita layi-layi, kamar yadda kike sa yaron shago ya karanto miki lissafin kaya. Duk layin da bai iya gaya miki abin da ya saya da shi ba, ya duba ranar da ke saman takardar ya fara ƙirga kwana sittin.