Haƙƙin majinyaci a asibiti

Mutane da yawa daga Tsibiri da Jiratawa sukan ji tsoro idan aka tura su babban asibitin Maradi. Wani allura yake tsoro, wani tiyata, wani kuma tsawa a gaban jama'a. Tsoro yakan sa majinyaci ya ɓoye ciwonsa, ko ya koma gida bai gama shan magani ba. Daga nan ciwon sai ya yi tsanani.

Saboda haka aikin ma'aikacin lafiya yana farawa ne da gaisuwa. Ya zaunar da majinyaci, ya saurare shi, ya yi masa bayani cikin harshen da yake ji. Wanda bai yi boko ba, Faransanci ƙara masa fargaba yake yi. Kafin a ɗebi jininka ko a yi maka tiyata, wajibi ne a gaya maka dalili, a kuma nemi yardarka. Idan ba ka gane ba, ka sake tambaya. Ba rashin kunya ba ne.

Ciwonka sirrinka ne. Ba a faɗa wa maƙwabci. Idan za a duba mace, a ja labule, a rufe ƙofa.

A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta soke kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a asibitocinta. Duk kuɗin da ka biya, ka karɓi takardar shaida. Idan an wulaƙanta ka, ka kai ƙara wurin shugaban sashen da aka duba ka.