Hayaluronik Asid da Saƙon Hasken Fata da ke Yawo a Bulumkutu

Hayaluronik asid sinadari ne da jikin ɗan Adam ke haɗawa da kansa, kuma babban aikinsa riƙe ruwa. Ana samun sa a cikin fata, a ruwan da ke tsakanin gaɓoɓi, a ƙwayar ido, da igiyar cibiyar jariri. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kusan giram 15 nasa, wajen rabi a fata, kuma kullum jiki na narkar da kusan kashi ɗaya bisa uku ya sake sabo. Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ware shi a 1934 a Jami'ar Kolumbiya da ke Amurka, daga ruwan cikin idon saniya. Likitoci sun daɗe suna aiki da shi a tiyatar ido da allurar ciwon gwiwa kafin masu kayan kwalliya su mayar da shi abin talla.

Wannan sunan ne ke cikin wani saƙon murya da ke zagaya zaurukan WhatsApp na mata a unguwar Bulumkutu ta Maiduguri, daga na adashe zuwa na shirin biki, ana tura shi haɗe da hoton fuskar wata mace, kafin da bayan. Saƙon ya jero abubuwa da dama: cewa sinadarin na jiƙa fata, yana ɗaukar ruwa ninki 1,000 na nauyinsa, yana share tamoji har abada, yana tare rana, sannan yana haska fata cikin mako guda ba tare da wata illa ba, don haka amarya da mai juna biyu da jariri duk za su iya shafawa. A ƙarshe sai lambar waya ta mai sayar da man haɗi. Wasu daga cikin maganganun nan gaskiya ne, wasu ƙarin gishiri ne, ɗaya kuma ƙarya ce mai iya kai mutum gadon asibiti.

Batun jiƙa fata gaskiya ne, sai dai da sharaɗi. Sinadarin yana jawo ruwa ya riƙe shi a saman fata, shi ya sa fuska ke yin laushi da sheƙi bayan an shafa. Ba ya shiga can ciki sosai, domin ƙwayoyinsa manya ne. Abin da ke ratsa fatar mutum cikin sauƙi yawanci bai wuce dalton 500 ba a ma'aunin girman ƙwayar sinadari, shi kuwa wannan yakan haura miliyan. Kamfanoni na daddatsa shi ƙanana don ya ɗan nutsa, amma duk da haka mafi yawan aikinsa a saman fata yake, kuma wanka ɗaya ke tafiya da shi.

Sharaɗin ya fi shafar mutanen Maiduguri fiye da na Legas ko Fatakwal. Sinadarin ba ya ƙirƙirar ruwa, wanda ya tarar yake kamawa. A lokacin hunturu zuwa farkon bazara, damshin iskar Maiduguri kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, kuma a irin wannan iska ruwan da aka tara a saman fata nan da nan yake tashi. Wadda ta shafa shi a busasshiyar fuska ta fita cikin hazo za ta iya jin fatarta ta ƙara ɗaurewa. Hanyar da ta dace ita ce a shafa ɗigo biyu ko uku yayin da fata ke da sauran danshin wanka ko alwala, sannan a bi da abin da zai rufe ruwan, kamar basilin ko man kaɗe. Gilisarin, wanda ake samu da araha a kantin magani, irin aikin nan yake yi, kuma ga kaushi da faso na hunturu, gilisarin da basilin sun wadatar. Wadda ba ta da kuɗin ƙaramar kwalbar hayaluronik mai tsada ba ta yi asarar komai ba.

Maganar ninki 1,000 ta masu talla ce, ba abin da ke faruwa a fuskar mutum ba. Tamoji ƙanana kan ɗan ɓuya na wasu sa'o'i saboda fata ta sha ruwa, sannan su dawo. Rana kuwa ba ya tare ta ko kaɗan. Masu mayar da martani a zaurukan su ma sun kawo nasu: wata ta ce asid ne zai ƙona fuska, alhali ba ya ƙuna ba ya saɓule fata, wata ta ce daga alade ake yin sa, alhali a da daga zankon zakara ake tatso shi, yanzu kuma mafi yawansa ƙwayoyin bakteriya ake kiwo a masana'anta su samar da shi.

Saura maganar haske, kuma a nan ne ɓarnar take. Launin fata melanin ne ke ba da shi, wani sinadari da wasu ƙwayoyin halitta a ƙasan fata ke haɗawa. Duk abin da zai haska mutum dole ya hana waɗannan ƙwayoyi aikinsu, ko ya ƙuntata jijiyoyin jinin fata, ko ya saɓule samanta. Hayaluronik asid ba ya yin ko ɗaya daga cikin ukun. Ba Bature ne kaɗai ke da shi a jiki ba. Baƙar fata ma cike take da shi tun daga haihuwa, kuma bai taɓa sauya launin kowa ba. Fata mai ruwa takan yi sheƙi, furfurar bushewa ta kau, launinta na asali ya fito fes, amma wannan ba haske ba ne.

To amma matan da suka saya sun ga haske da idonsu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Wannan shi ne abin tsoron. Idan man da aka rubuta wa hayaluronik ya haska mutum cikin kwana bakwai, akwai wani abu a ciki da ba a faɗa ba, kura ce da fatar akuya. Abubuwan da aka sani suna yin irin wannan saurin aiki a mayukan bilicin guda uku ne: sitiroyid mai ƙarfi irin su kilobetasol da betametason, sai haidirokwinon, sai zaiba. Mai haɗa mai a ɗaki takan matse bututun sitiroyid da yawa cikin roba, ta zuba turare da ɗan siram, wato ruwan shafa fuska, ta liƙa takarda mai sunan da ke tashe. Jiya sunan karas ne ko kurkum, yau hayaluronik ne, abin da ke ciki bai canza ba.

Sitiroyid magani ne na gaske da likita ke rubutawa don wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci, a wuri ƙayyadadde. Shafa shi a duk jiki safe da yamma na tsawon watanni yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa masu faɗi a cinya da hammata waɗanda ba sa gogewa, da ƙuraje, da gashi a fuska. Yana raunana garkuwar fata, sai makero da kyasbi su bazu, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya yi wuyar kamawa, abin da ke da muhimmanci ga mace mai jiran haihuwa. Wani ɓangarensa na ratsawa cikin jini, daga nan hawan jini da ciwon suga da kumburin fuska kan biyo baya. Jiki yana da nasa sinadarin mai kama da shi, kotisol, wanda wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda ke samarwa. Idan na waje ya yi yawa sai su rage aiki, ranar da aka daina shafawa kwatsam kuma jiki ya rasa duka biyun.

Haidirokwinon yana hana haɗa melanin kai tsaye. Idan aka daɗe a kansa, musamman a ƙarƙashin rana irin ta Maiduguri da ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, yakan juya ya haifar da baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi da wuya, tabon da likitocin fata ke shan wahala kafin su rage shi. Zaiba ta fi su muni don ba ta nuna kanta da wuri. Tana taruwa a jiki, ta lalata ƙoda, ta taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, ta ratsa mahaifa zuwa ɗan tayi, ta fita ta ruwan nono. Har waɗanda ba su shafa ba sukan kwasa daga tawul da zanin gado.

Saboda haka jimlar da ta ce har jariri zai iya shafawa ita ce mafi haɗari a duk saƙon. Fatar jariri siririya ce, kuma faɗinta idan aka gwada da nauyin jikinsa ya fi na babba, don haka abin da ke shiga jininsa ya fi yawa. Ƙarƙashin nafkin, inda ɗumi da danshi suke, maganin ya fi ratsawa. Sitiroyid mai ƙarfi a jikin yaro na iya tsayar da girmansa. Wadda ta naɗi wannan murya ko dai ta san abin da ta zuba a robar, ko ba ta sani ba. Idan ta sani ta ci amanar maƙwabtanta don kuɗin da bai taka kara ya karya ba, idan kuma ba ta sani ba, ba ta da hurumin ba uwar jariri tabbacin lafiya. Masu dannawa su tura gaba ba tare da tambaya ba su ma suna da nasu kason, domin saƙon da ya zo daga yaya ko ƙawa ya fi na baƙo shiga zuciya.

Waɗanda suka gaskata kuwa ba wawaye ba ne. Gyaran jiki tsohuwar al'ada ce mai daraja a Borno, ta dilka da halawa da turaren wuta da humra da lalle, kuma amaryar da ke son fitowa da kyau ranar bikinta ba ta yi laifi ba. Da yawansu ma gudun bilicin suke yi: sun ga abin da ya yi wa wasu, sun ga baƙin gaɓoɓin yatsu da jan kumatu, sai aka zo musu da suna mai kama da na asibiti aka ce wannan ba ya cutarwa. Tsoronsu mai kyau ne aka yi amfani da shi aka sayar musu da abin da suke gudu. Ga kuma matsin da ke zuwa daga waje, daga dangin miji da kishiya da samarin da ke yaba fara a gaban baƙa, wanda bai kamata a ɗora wa mata su kaɗai ba.

Hukuma ta san da matsalar. Dokokin hukumar NAFDAC sun hana zaiba da sitiroyid a kayan kwalliya, sun kuma hana haidirokwinon da ya wuce kashi 2 cikin 100, kuma a 2023 hukumar, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana bilicin a matsayin lamarin gaggawa na lafiyar ƙasa. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya ke cikinta, ita ma ta shafi zaiba a kayan shafa. Adadin da ake yawan ambata, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na shafa mai haska fata, ya fito a wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, amma tushensa binciken 'yan kasuwa ne a Legas da aka wallafa a 2002, don haka ba ƙidayar matan Borno ba ce. Abin da babu shakka a kansa shi ne illar sinadaran uku, wadda likitoci suka daɗe da tabbatarwa.

Akwai wata magana da ta fara biyo bayan saƙon, ta yin allurar sinadarin a fuska ko leɓe a shagon kwalliya. Gaskiya ne akwai allurar cike fata ta hayaluronik, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta fara amincewa da ita a 2003, amma wani haɗi ne daban da aka tsabtace don allura, kuma aikin ƙwararren likita ne. Idan ta faɗa cikin jijiyar jini tana iya kashe naman wurin ko ta makantar da ido. Na cikin kwalbar shafawa kuwa ba a yi shi don shiga jiki ba sam.

Gane na gaskiya ba shi da wuya sosai. Siram ɗin hayaluronik ruwa ne garai mai ɗan yauƙi, yana zuwa a rufaffiyar kwalbar kamfani mai jerin abubuwan da ke ciki, inda ake rubuta shi da sunan Sodium Hyaluronate ko Hyaluronic Acid, da lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa. Lambar kaɗai ba hujja ba ce, don masu jabu na buga ta. Sunayen da ya kamata a guje wa a jikin kwali su ne Clobetasol, Betamethasone, Hydroquinone, Mercury da Calomel. Robar da ba ta da jerin komai, wadda aka ce sirrin mai haɗawa ne, ita ce ta fi cancantar zargi, haka duk man da ya yi alkawarin haske cikin kwanaki.

Wadda ta shafa irin wannan haɗi na kwana kaɗan za ta iya dainawa nan take. Wadda ta yi watanni a kansa, musamman a duk jiki, kada ta yanke shi rana ɗaya, domin fata na iya yin ja da zafi da ƙaiƙayi, jiki kuma ya yi rauni mai haɗari. Ta ɗauki robar ta kai wa likita, a Asibitin Umaru Shehu da ke nan Bulumkutu ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ta faɗi tsawon lokacin da ta yi tana shafawa ba tare da jin kunya ba, a auna jininta da suga da ƙoda, a tsara mata yadda za ta rage a hankali. Mai juna biyu da mai shayarwa su ambaci man a wurin awo. Jaririn da aka shafa wa kuma a kai shi asibiti tare da robar, ko da babu wata alama a jikinsa.